Arzika da Malafar Gwangwani

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka nufi akurki, a shekarar nan ce Arzika mai hoto ya sayo gilashin da ya haɗiye kan mahaifina. Kada ku yi dariya tukuna. Ku bari in zo wurin a hankali, don ni ba na gaggawa, shi ma marigayin bai taɓa yi ba.

Duk wanda ya zauna Jega ya san Arzika, Allah ya jiƙansa, kuma ya san hannun nan nasa. Ba ya duban komai sai ya kafa tafin hannu bisa girarsa. A rana haka, a inuwa haka. Ko tuwo aka ajiye masa cikin ɗaki, sai ya yi wa idonsa rumfa ya leƙa miyar kafin ya yi bisimilla. Matarsa, Inna Hajo, ta ce ranar da aka kai ta gidansa da hannu a goshi ya tarbe ta, ta ɗauka sara mata yake irin na soja. In ka tambaye shi dalili, amsar ɗaya ce, kun san ta duka:

"Haske baƙo na. Ta ƙohwa shi ka shigowa, ba ta katanga ba."

Abin da yake yi wa idonsa, shi yake yi wa kyamararsa. Akwai wani zobe baƙi da ake maƙala wa a bakin gilashin kyamara, don ya tare hasken da ke shigowa ta gefe, kada ya wanke hoto. Arzika malafa yake ce masa. Kyamara ba malafa, a wurinsa, daidai take da dattijo ba hula. Kuma bai taɓa sayen ko guda ba. Da gwangwanin tumatir yake yin su, ya huda gindi, ya daddaƙe baki, sannan ya zo zaurena ya zauna yana gaishe ni gaisuwa mai tsawo. Da na ji gaisuwa ta kai ga tambayar lafiyar awakina, na san tawada yake so. Ni almajirin ajami ne, da ita nake rubuta wasiƙun mutane da waƙoƙin wa'azi, tawadata kuwa ta gawayi da ƙaro ce, ba ta ƙyalli. Ita yake shafa wa cikin gwangwanin. Ya ce fenti na kanti munafuki ne, baƙi a ido amma yana mayar da haske.

Ranar husufin ni da Arzika muna sahu ɗaya a masallaci. Liman ya tsawaita karatu, tsofaffi suna sheshsheƙa, gari ya yi wani launi da ban taɓa gani ba, ba safiya ba, ba magariba ba, kamar an jiƙa duniya cikin ruwan jar kanwa. Ƙarƙashin dogonyaron ƙofar masallaci kuwa, inda hasken ke ratsa ganye, sai ga ƙananan jinjiran wata zube a ƙasa, ɗari bisa ɗari, suna rawa in iska ta kaɗa. Da aka sallame na juya, na ga abin da ya fi husufin ba ni mamaki: Arzika tsaye, hannuwansa biyu a sake, fuska tana walƙiya.

"Malam Buhari, ka gani? Yau rana da kanta ta sa malafa!"

Na ce, "Ka ji tsoron Allah, Arzika. Aya ce."

"To ni mi nic ce? Ayar nika hwaɗa maka. Shekara ashirin ina wa'azin malafa, ba wanda yas saurare ni."

Kwana kaɗan bayan haka ya ce in raka shi Sakkwato. Dalili kuwa, manoman albasa na wata unguwa a Aliero, inda mahaifina yake noma, sun ce suna son hoton da zai ɗauke su gaba ɗaya a bakin rumbunan albasarsu. Tsohon gilashin Arzika mutum goma yake ci. In jama'a ta fi haka sai ya yi ta ja da baya, ido a kyamara. Ya taɓa yin haka a wani lambu, yana ja yana cewa, "Saura kaɗan, saura kaɗan," sai masu hoton suka ji tsulum. Rijiyar ban ruwa ce. An fito da shi jiƙe sharkaf, kyamara ɗage bisa kansa, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Tun daga nan ya ƙudura sai ya sami gilashi mai faɗin gani, wanda ke kwashe jama'a daga kusa.

Mun same shi a wani shago, wurin wani mutum mai haƙuri. Arzika ya ɗora gilashin, ya leƙa. Can ya ce, "La ilaha illallah! Malam, ina ganin ka, ina ganin mai shago, ina ganin mai rake can ƙetaren hanya. Wanga ba gilashi ba ne, Haɗamau na." Sunan da ya bi gilashin ke nan har ƙarshe.

Sai mai shagon ya miƙo masa malafar da ta dace da shi. Gajeruwa ce, bakinta a buɗe, leɓe huɗu gare ta kamar furen kabewa, biyu dogaye, biyu gajeru, tsakaninsu a zaftare. Arzika ya juya ta, ya sake juyawa, ya yi wa idonsa rumfa ya dubi mutumin.

"Ɗan'uwa, ɓeraye sun ci wagga."

"A'a Baba, haka anka yi ta. Wanga gilashi har ta wutsiyar ido shi ka gani. In ka sa mashi doguwar malafa, ita kanta za shi gani, kusurwoyin hoto su yi baƙi. Shi ya sa anka zaftare nan da nan."

"Ka taɓa ganin mutumen kirki da yagaggar malafa?"

"Baba, ai ba mutum ba ne, gilashi na."

"To gilashina na kirki na."

Mai shagon har cewa ya yi ya ɗauka kyauta. Arzika ya yi godiya, ya ajiye masa abarsa bisa tebur da yatsa biyu, kamar mataccen ɓera. Da muka dawo Jega, washegari da safe, sai ga shi a zaurena yana tambayar lafiyar awakina. Na ba shi tawada. Da hannuna na ba shi, wannan kuwa ban taɓa mantawa ba.

Yanzu bari in gaya muku wane ne mahaifina, don waɗanda ba su riske shi ba. Baba Nomau dogo ne, siriri, mai kunya kamar amarya. Bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. In ya hango Arzika da jakarsa sai ya tuna yana da ban ruwa. Yakan ce wanda ya halicci fuskar ya san ta, ba sai an tuna masa ba. Ranar hoton abokan nomansa suka taru a kansa, suka ce in babu shi babu hoto. Ya yarda, amma da sharaɗi: can ƙarshe zai tsaya, a sahun baya. Sahun baya kuwa bisa buhunan albasa aka jera su. Ga shi dogo. Kansa ya tafi can kusurwar sama ta hannun dama.

Ina nan tsaye bayan Arzika, ina gani. La'asar ce sakaliya, rana ta karkata tana leƙowa ta saman rumbuna, ɓawon albasa yana tashi cikin iska kamar fara ja. Arzika ya ɗora sabon gwangwaninsa, dogo, baƙi wuluk. Ya ce, "Kowa shi tsaya! Kada a numfasa!" Yana cikin danna yatsa sai gwangwanin ya zame, ya faɗi ƙwal, ya yi ta gangarawa yana ƙara har tsakanin ƙafafun wani jaki. Jama'a ta kwashe da dariya. Kyamara kuwa ta riga ta ce ƙyas.

"Ba a yi ba! Ba a yi ba! Rana ta tsallako katanga! A sake!"

Aka tsamo gwangwani daga ƙarƙashin jaki, ya ɗaure shi da robar taya, aka gyara tsayuwa, aka sake.

Bayan mako guda hoto ya dawo daga wanki. Jama'a, in kun taɓa leƙa rijiya da rana, to haka yake. Tsakiya tas, ana ƙirga haƙoran shugaban manoma. Kusurwoyi huɗu kuwa duhu, a zagaye. Ta ƙaramar tagar da mai hoto ke leƙawa ba a ganin ƙarshen kusurwa sosai, balle ga mutumin da idonsa ya fara gajiya. Baba Nomau yana nan, ga farar rigarsa, ga hannunsa riƙe da albasa guda. Daga wuya zuwa sama, babu.

Da aka nuna masa, dariya ya yi har da hawaye. "Alhamdu lillahi. Arzika, Allah shi yi maka albarka, ka suturta ni."

Kowa ya yi dariya, har ni. Da damina ta faɗi, Baba ya kwanta kwana shida, ya cika. Daga nan abin ya daina ba ni dariya. Mutum yakan ɗauka fuskar mahaifinsa ba ta ɓacewa. Tana ɓacewa. Da fari hanci ke tafiya, sannan yadda ido ke zama in yana murmushi. In na rufe ido sai in ga riga da hannu da albasa, daidai yadda gwangwani ya bar min shi.

Bayan sadakar arba'in na je wurin Arzika. Na ce, "Na farkon nan fa, wanda gwangwani ya faɗi?"

Ya kau da kai. "Malam, babu hoto nan. Rana ta shiga ta yi ɓarna."

Na ɗauka hoton ya ƙone ne, ban sake tambaya ba. Har na kai ƙofa ya kira ni. "Malam Buhari. Kana bi na bashin kai guda. Ban manta ba."

Kuma bai manta ba, sai dai hanyoyin biyansa ne Allah ya kyauta. Wata rana ya shigo zaurena yana haki, ya miƙo min ambulan. Na buɗe: rigar Baba, hannun Baba, albasar Baba, bisa wuyan kuma an liƙa kan wani dattijo mai rawani.

"Arzika, wane ne wannan?"

"Duba da kyau."

"Na duba. Wannan ai Bafillacen nan ne na Andarai mai sayar da man shanu."

"Amma dubi gemen! Gashi-gashi irin na Baba. Sai da nib bi shi kasuwa ukku kahin shi yarda."

Na ce ya mayar wa mai kai kansa, kada a tashi ƙiyama da rigima.

Za ku ce bayan wannan ya jefar da gwangwani. Ashe ba ku san Arzika ba. Cewa ya yi laifin jama'a ne da suke baje kansu. Sai ya koma yana tara mutane a tsakiya kamar damin gero: "Ku matso! Ku matso! Gehe ba na kowa ba ne!" Ya sayi gilashi don ya kwashe mutum hamsin, ya dawo yana cusa goma sha biyu, sauran fili duk sama da ƙasa. Mutanen Jega kuwa ba a koya musu abu sau biyu. In za a yi hoton suna ko na walima, sai ka ga dattawa masu furfura suna ture juna da ladabi. "Bisimilla Alhaji, ga wuri nan gefe." "A'a wallahi, kai ne babba, kai ya kamata." Har yau in an manta da mutum a rabo, za ka ji an ce an sa shi gefen Arzika.

A Maiyama kuma wani makiyayi ya ce yana son garkensa duka a hoto guda, zai aika wa ɗan'uwansa da ke kudu. Shanu ba sa jin "ku matso". Da hoto ya fito mutumin ya sa yatsa yana kiran su da suna ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe, ya sake daga farko. Sannan ya ɗago.

"Mai hoto, ina saura? Huɗu babu."

"Suna nan."

"Ina?"

Arzika ya nuna baƙin kusurwa. "Sun shiga inuwa. Kai in kana saniya, cikin wagga rana za ka tsaya?"

Makiyayin ya daɗe yana duban duhun. Can ya gyaɗa kai ya ce lalle jar nan dama ba ta son rana. Ya karɓi hotonsa ya tafi.

Amma ni da nake zama da shi na lura da wani abu. Daga ranar Maiyama, duk bayan 'yan watanni sai in tarar da shi da almakashin maƙera, yana ɗan rage bakin gwangwani. Bana ya rage tsawo. Baɗi ya zaftare nan kaɗan, saboda duhun kusurwar dama. Wata shekara ya zaftare can. Kowane yanka sai ya zo a shafa tawada a bakin, kada ƙarfe ya yi ƙyalli. Duhun hotunansa yana ta ja da baya kamar ruwan gulbi bayan kaka, har wata rana ya kawo min hoton 'yan makarantar boko, kusurwa huɗu tas. Ya ajiye kyamarar gabana yana taƙama. Na dubi gwangwanin. Gajere, baki a buɗe, leɓe huɗu, biyu dogaye, biyu gajeru.

Na ce, "Arzika, wannan ai ita ce malafar Sakkwato da ɓeraye suka ci."

Ko gezau bai yi ba. "A'a. Waccan yagagga ta. Wagga yankakka ta."

Shekara tara ya ɗauka kafin ya iso inda mai shago ya so ya kai shi a cikin minti biyu. Yana isowa kuma wayoyi masu hoto suka cika gari, kowa ya zama Arzikan kansa. Bai yi fushi ba. Sai dai in ya ga wani ya ɗaga waya yana fuskantar rana, ko bai san shi ba, zai lallaɓo ta baya ya kafa mata tafin hannu a sama. Hotuna nawa ne a garin nan da yatsun Arzika a samansu, Allah kaɗai ya sani.

Bara, bayan ƙaramar salla, Inna Hajo ta aiko in zo. Na same shi kwance a rumfar tsakar gida bayan la'asar, ya rame, hannun nan ma da ƙyar yake kai shi goshi. Muka gaisa. Ya tambayi lafiyar awakina, na ce yau kam ban zo da tawada ba, ya yi 'yar dariya. Sannan ya ce wa Inna ta ɗauko masa abin da ke ƙasan akwati. Tsohuwar ambulan ce, ta yi ja. A bayanta an rubuta da ajami, rubutu karkatacce irin na wanda ya bar allo da wuri: Na Malam Buhari, ba mai kyau ba ne.

Na zaro.

Gaskiyarsa, rana ta tsallako katanga. Ta zubo daga saman rumbuna kamar an kwance buhun gero, ta wanke rabin jama'a, shugaban manoma ko hanci ba a gani. Wasu zobba na haske, kore da ruwan goro, sun jeru sun ratsa hoton daga kusurwa zuwa kusurwa kamar carbi. Ɓawon albasa yana tsaye cikin iska. Can sama, hannun dama, inda duhu ya saba zama, ga Baba Nomau. Kansa a ɗan karkace, yana bin gwangwani da ido, baki buɗe da dariya, har giɓin haƙorinsa na gefe da na manta yana da shi.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na ji kurciya tana kuka a bisa katanga, na ji Inna ta ja ƙofar ɗaki a hankali. Da na buɗe baki, abin da ya fito ba godiya ba ce.

"Arzika! Shekara goma sha nawa wannan yana ƙasan akwatinka?"

"Malam, dubi aikin. Dubi wanga haske. In wani ya gani, mi za a ce da ni?"

"Har ka bi Bafillace kasuwa uku, alhali kan yana ɗakinka?"

"Wancan aƙalla ya hita tsab."

Na so in yi fushi, wallahi na so. Sai na dubi Baba yana dariya, na dubi wannan tsohon mai taurin kai da ya kwashe shekaru yana yanka gwangwani a ɓoye don kada duhu ya sake cin mahaifin wani, kuma na tuna tawadar wa aka shafa. Sai na samu ni ma dariyar nake, hawaye yana sauka a gemu.

Ya kamo hannuna. "Na biya?"

"Ka biya, Arzika. Har da gyara."

"To alhamdu lillahi. Amma ka yi man alkawari: kada ka gwada ma kowa. Kada a ce ni niy yi shi."

Na yi masa alkawari. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ya koma ga Ubangijinsa. Hoton yana cikin gafakata, tsakanin takardun ajami, kuma ban nuna wa kowa ba, don haka kada wani ya biyo ni gida. Cewa ya yi kada in nuna. Bai ce kada in faɗa ba.

Ya Allah, ga bawanka Arzika, wanda ya ƙare rayuwarsa yana yi wa mutane inuwa da tafin hannu. Ka sa shi a inuwarka ranar da babu wata inuwa sai ita. Ka yalwata kabarinsa, ka cika shi da haske, ta ƙofa da ta katanga, kada ka bar masa duhu ko a kusurwa guda. Ka haɗa shi da Baba Nomau, su biyun a tsakiya. Amin.